Me Ya Sa Jamusawa Ba Sa Gajiya Da Finafinan 'Yan Sanda?

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne a Jamus. Duk daren Lahadi mutanen gidan da nake haya, babba da yaro, sai sun taru gaban talabijin kallon wani shirin 'yan sanda mai suna Tatort, kuma an ce mini tun kafin a haife ni ake nuna shi. Na zauna na kalla, ban ga abin a zo a gani ba. Harbe-harbe kaɗan, tseren motoci babu, sai maganganu. Ga shi kuma duk tashar da na juya sai na ci karo da gawa da ɗan sanda. Mene ne sirrin abin?

Amsa: Ɗan'uwa, idonka bai yaudare ka ba. In ka ɗauki fim ɗaya na Tatort ka jera da takwaransa na Amurka, sau da yawa na Amurkan zai fi ɗaukar ido. Cikin sababbi talatin da wani abu da ake fitarwa a shekara, kaɗan ne fitattu, mafi yawa tsaka-tsaki ne, wasu kuwa ɓata lokaci ne kawai. Su kansu Jamusawan sun san da haka, domin safiyar Litinin su ne kan gaba wajen kushe, a ofis da jarida da intanet. Amma Lahadi na zagayowa za ka same su a mazauninsu. Saboda haka kallon fim ɗaya ba zai ba ka amsa ba. Sai ka duba wanda ke biyan kuɗin shirin, da lokacin da aka ware masa, da irin ƙasar da Jamus ta yi ƙoƙarin zama bayan 1945.

Son labarin kisa da bincike ya girmi Tatort. A 1958 aka fara wani shiri mai suna Stahlnetz, wanda Jürgen Roland ya ba da umarni, an kwaikwayo tsarinsa daga Amurka, ana gina shi kan laifuffukan da suka faru da gaske. A watan Janairun 1962 kuma aka nuna Das Halstuch, labari mai kashi shida na marubucin Ingila Francis Durbridge, wanda kusan kashi 89 cikin ɗari na gidajen da ke da talabijin suka kalla. Tituna suka yi tsit, gidajen wasa da sinima suka rasa 'yan kallo. Ana gobe za a nuna kashin ƙarshe, wani ɗan barkwanci mai suna Wolfgang Neuss ya sayi gurbin talla a wata jaridar Balin ya tona sunan makashin. Har barazanar kisa aka yi masa. Kusan tasha ɗaya ake da ita a lokacin, don haka adadin ba abin mamaki ba ne sosai, amma ya nuna wa masu gidajen talabijin inda zuciyar jama'a take.

A 1969 tashar ZDF ta fara Der Kommissar, inda Erik Ode ya fito a matsayin Keller, dattijon sufeto a birnin Munik mai yaran aiki kewaye da shi kamar uba da 'ya'yansa. Shirin ya karɓu ƙwarai, sai hankalin kishiyarta, tashar ARD, ya tashi, ta shiga neman abin da za ta mayar da martani da shi. Matsalarta ita ce ARD ba gida ɗaya ba ce. Bayan yaƙi, ƙasashen da suka ci Jamus sun ga irin ɓarnar da aka yi sa'ad da rediyon ƙasar gaba ɗaya yake hannun ma'aikatar farfaganda ta Goebbels, ministan Hitler, sai suka rarraba shi yanki-yanki. A 1950 gidajen yankunan suka kafa ARD a matsayin haɗaka, yau su tara ne, kowane da kuɗinsa da shugabanninsa da kishin yankinsa. Ko da shugaban gwamnati Adenauer ya nemi kafa tashar da gwamnatin tarayya za ta juya, kotun tsarin mulki ta taka masa birki a 1961. To wa zai yarda a zuba kuɗinsa cikin shirin da za a riƙa yi a garin wani?

Gunther Witte, wani ma'aikacin gidan WDR da ke Kolon, shi ya warware ƙullin. Ya ce kowane gida ya yi nasa sufeton, a nasa garin, da nasa kuɗin, sannan a riƙa nunawa bi da bi ƙarƙashin suna ɗaya a lokaci ɗaya. Dabara ce ta raba gardama tsakanin ofisoshi, babu wanda ya zaci za ta kai shekara hamsin. Aka kuwa dace, tsarin ya yi daidai da yadda 'yan sandan Jamus suke, tunda a can aikin ɗan sanda galibi na jiha ne, kowace daga cikin jihohi 16 da rundunarta. Gidan talabijin na Ostiriya, ORF, ya shigo a 1971. Na Siwizalan ya shiga a 1990, ya fita, ya dawo a 2011.

Fim na farko ya fita ranar 29 ga Nuwamba 1970, sunansa Taxi nach Leipzig. An tsinci gawar yaro a gefen babbar hanya cikin Jamus ta Gabas, sanye da takalman da aka saya a Yamma, sai wani sufeton Hamburg mai taurin kai, Trimmel, ya tsallaka iyaka ba da izini ba don ya bi sawu. Ka lura, tun ranar farko gawar ƙofa ce kawai. Abin da fim ɗin yake taɓawa shi ne rabuwar ƙasar gida biyu, ciwon da ke cin kowane iyali a lokacin. Haka shirin ya ci gaba har yau. Da aka kai fim na 1,000 a Nuwamban 2016, sai aka sake raɗa masa wannan sunan, yanzu kuwa sun haura 1,200.

Sai maganar lokaci, wadda a ganina ita ce rabin amsar. Ka riga ka ga yadda Lahadi take a Jamus: kantuna a rufe bisa doka, maƙwabci zai ƙwanƙwasa maka ƙofa in ka tayar da injin huda bango. An yini ziyara ko yawo a daji, an ci abincin dare, gobe aiki. Ƙarfe 8:00 labaran Tagesschau, ƙarfe 8:15 Tatort, minti 90 cif, kafin goma saura kwata an kama mai laifi, a wanke baki a kwanta. Labaran nan na minti goma sha biyar su suka sa 8:15 ta zama farkon dare a talabijin ɗin ƙasar, har tashoshin 'yan kasuwa da suka zo daga 1984 suka bi sahu. Mutumin da aka haifa a 1965 ya fara jin kiɗan buɗe shirin daga ɗakin kwanansa yana yaro an hana shi kallo, ya girma aka bar shi ya zauna, yau jikokinsa ne ake korawa su je su kwanta. Abin da ya shiga jinin mako irin haka ba ya buƙatar ya burge kowace Lahadi. A manyan birane akwai mashayu da gidajen shan gahawa da ke kunna shi a babban allo, ɗalibai su cika, a hana kowa magana sai an gama.

Kuma babu talla a tsakiya. Doka ta hana ARD da ZDF saka talla bayan ƙarfe takwas na dare da kuma ranar Lahadi. Kuɗinsu na fitowa ne daga abin da kowane gida ke biya, Yuro 18.36 a wata tun 2021, wanda na tabbata takardarsa ta iso maka tun makon da ka yi rajistar adireshi, ko kana da talabijin ko ba ka da ita. Mutane na ƙorafi a kansa, wasu jam'iyyu na son a soke shi. Amma shi ne ya ba shirin abin da talabijin ɗin kasuwa ba ya iya bayarwa, wato haƙuri. A Amurka shiri ya yi rauni zango ɗaya sai a yanke shi. A nan sufeton da bai karɓu ba ana iya ba shi shekara uku ya gyara, in ya ƙi gyaruwa a yi masa ritaya a kawo wani, shirin kansa ko gezau. Kuma darakta na iya gwada abin da ya san rabin 'yan kallo za su tsine masa, kamar finafinan Ulrich Tukur na Wiesbaden, waɗanda wani lokaci sun fi kama da wasan dandamali ko mafarki.

Abu ɗaya ne ba a taɓawa: mabuɗin shirin. Idanun da ke leƙowa, da'irar saitin bindiga, ƙafafun da ke gudu a kan jiƙaƙƙiyar kwalta, da kiɗan Klaus Doldinger, duk na 1970 ne, gyaran da aka yi musu ɗan kaɗan ne. Mai idanun da ƙafafun wani matashin ɗan wasa ne, Horst Lettenmayer, an biya shi Mark 400, kuɗin Jamus na lokacin, sau ɗaya tak. Duk wanda ya kawo shawarar a sabunta mabuɗin sai ya sha suka. Ƙofar ta tsaya yadda take shekara hamsin da ɗoriya, abin da ke bayan ƙofar ne ke canzawa kowane mako.

Misalin da ya fi nuna amfanin wannan shi ne Schimanski. Kafin 1981 sufetocin talabijin ɗin Jamus dattawa ne masu kwat da laƙatayi, masu magana a nutse, waɗanda ke shiga falon masu kuɗi su yi tambaya cikin ladabi. Sai WDR ta kawo Götz George a matsayin Horst Schimanski na Duisburg, garin ƙarafa da gawayi da tashar jiragen ruwa a yankin Ruhr. Fitowarsa ta farko a ɗakin girki ne mai datti, ya rasa kaskon suya mai tsabta, ya fasa ɗanyen ƙwai a kofi ya shanye. Jaket ɗinsa a yamutse, bakinsa cike da ashar, yana dambe a mashaya, yana tausayin ɓarawo talaka fiye da mai masana'anta. Jaridu suka yi caa, har da masu ƙirga yawan ashar ɗin da ya yi, wasu manyan Duisburg suka ce an zubar wa garinsu da mutunci. Amma shekarun nan su ne lokacin da masana'antun ƙarfe ke rufewa, dubban magidanta na rasa aiki, har ma'aikatan kamfanin ƙarfe na Krupp da ke unguwar Rheinhausen a Duisburg suka yi wata da watanni suna gwagwarmaya a 1987 zuwa 1988. Mutanen yankin suka ga nasu a allo, da lafazinsu da fushinsu. Ya yi shekara goma a Tatort, daga baya aka ba shi shiri nasa na kansa har 2013, yau kuma akwai wani ɗan lungu a unguwar Ruhrort da ke ɗauke da sunan Schimanski, mutumin da bai taɓa rayuwa ba. Da a ce Tatort sufeto ɗaya ne da shi, kawo irin wannan mutum sai an rushe shirin. Tunda da yawa ne, sai aka ƙara shi kawai, masu son dattawan nan kuma suka jira makon gaba.

Ta wannan ƙofar sauran canje-canje suka shigo. Mace ta farko ta jagoranci bincike a 1978, Nicole Heesters. Ulrike Folkerts ta fara fitowa a matsayin Lena Odenthal a Ludwigshafen a 1989, ta zama wadda ta fi kowa daɗewa a shirin. A 2008 Mehmet Kurtuluş, ɗan asalin Turkiyya, ya zama babban jami'i a finafinan Hamburg. A 2019 Florence Kasumba, haifaffiyar Kampala, ta zama baƙar fata ta farko cikin manyan masu bincike. Za ka iya cewa an makara, Turkawa sun fara zuwa aiki Jamus tun 1961, kuma gaskiyarka. ARD a bayan jama'a take tafiya, sai dai takan iso.

Jigogin ma haka. Duk abin da ƙasar ke muhawara a kai, ba a jima ba za ka ga gawa a tsakiyarsa: tsadar haya, 'yan gudun hijira, masu aƙidar Nazi na zamani, sojojin da suka dawo daga Afganistan, gidajen kula da tsofaffi, safarar mata, cin hanci a harkar gine-gine. Sau da yawa da an gama fim sai shirin tattaunawar siyasa ya biyo baya a tashar, wani lokaci a kan jigon da aka gama kallo. Fim ɗin Kolon na 1998 mai suna Manila, kan lalata da yara a Filifin, ya sa 'yan wasan da ma'aikatan suka kafa ƙungiyar agaji da har yanzu take aiki. Wani lokaci kuma abin kan zo da ƙura. A Disamban 2007 wani fim ya danganta lalata tsakanin uba da 'ya da wani iyali na mabiya aƙidar Alevi 'yan asalin Turkiyya, ƙazafin da aka daɗe ana jifan al'ummar da shi, dubbai suka fito zanga-zanga a Kolon, aka kulle fim ɗin ba a sake nuna shi ba. A nan ne kuma babban raunin shirin yake. Idan marubuci ya fi damuwa da jigo a kan labari, sai sufeto ya koma malamin makaranta, yana karanto wa abokin aikinsa alƙaluma a cikin mota kamar mai karanta jarida. Masu suka sun daɗe suna yi wa wannan dariya, kuma sun yi daidai.

Jamus ta Gabas ba ta zauna kallo ba. Mutanenta na kama tashoshin Yamma a ɓoye, don haka a watan Yunin 1971 gidan talabijin ɗinta ya fara Polizeiruf 110, da Peter Borgelt a matsayin jami'i Fuchs. Aƙidar gwamnati ita ce manyan laifuffuka ragowar jari-hujja ne, saboda haka kisa bai yi yawa a shirin ba, sai sata a wurin aiki, zamba, shaye-shaye, kangarewar matasa. Abin ban sha'awa, wannan ƙuntatawar ce ta sa ya zama ɗaya daga cikin 'yan wuraren da mutumin Gabas ke ganin matsalolin rayuwarsa na gaskiya a allo. A Oktoban 1990, watan da ƙasar ta haɗe, aka yi fim ɗaya da ya haɗa Schimanski da Fuchs. Gidan talabijin ɗin Gabas ya rufe a ƙarshen 1991, kusan duk shirye-shiryensa suka bi shi, amma Polizeiruf ya tsira, yau shi da Tatort ke karɓa-karɓar daren Lahadi.

Yanzu bari mu juya ga ɗaya reshen, wanda duniya ta fi sani. Derrick na ZDF ya fara a Oktoban 1974 ya ƙare a Oktoban 1998, kashi 281, kuma mutum ɗaya ne ya rubuta su duka, Herbert Reinecker, wanda shi ne ma marubucin Der Kommissar. Horst Tappert ne Derrick, dogo mai manyan tabarau da idanu masu kama da na wanda bai yi barci ba, Fritz Wepper kuma mataimakinsa Harry. Ba ya gudu, da wuya ya zaro bindiga. Zai shiga katafaren gida a unguwar masu hali ta Munik, ya zauna, ya yi tambaya, ya yi shiru, ya sake maimaita tambayar, har mai laifi ya gaji da kansa ya furta. An sayar da shirin ga ƙasashe sama da 100, Italiya da Faransa da Holan da Sin duk sun rungume shi. Marubucin Italiya Umberto Eco ya taɓa yin sharhi a kansa, inda ya danganta farin jininsa da tsaka-tsakinsa: babu mai hazaƙar da za ta sa ɗan kallo ya ji shi ƙarami ne, daga sufeton har makashin.

Afirka ma ya iso. Wani kamfani a Kolon mai suna TransTel yana rarraba shirye-shiryen Jamus ga gidajen talabijin na ƙasashe masu tasowa cikin rahusa, shi ya kawo wa 'yan Najeriya wasan Telematch da manyanmu ke tunawa, kuma a ƙasashe irin su Kenya wanda ya girma a shekarun 1980 da 1990 zai ba ka labarin Derrick. Ɗan'uwan shirin, Der Alte, wanda aka fara a 1977 kuma ya zarce shi daɗewa, yana da wani abin da ya shafe mu: daga 1986 zuwa 1997 Charles Muhamed Huber, ɗan wani jami'in diflomasiyyar Senegal kuma dangin tsohon shugaba Senghor, ya fito a matsayin jami'i Henry Johnson, lokacin da baƙar fuska a irin wannan matsayi baƙon abu ce a talabijin ɗin Jamus. Daga baya ya zama ɗan majalisar tarayya daga 2013 zuwa 2017.

Me ya sa Bajamushen shekarun 1970 yake son irin su Keller da Derrick? Ka tuna ƙasar da ta fito daga mulkin da ɗan sanda ke nufin Gestapo, 'yan sandan cikin Hitler, ƙwanƙwasa ƙofa cikin dare, mutum ya ɓace. Shirye-shiryen nan sun riƙa nuna wa jama'a, mako bayan mako, wata hukuma ta daban: jami'in da ke nuna katin shaida, ya nemi izinin shiga, bai mari kowa ba, yana jiran hujja. Mutane na son su yarda cewa ƙasarsu ta zama haka. Sai dai akwai duhu a ƙarƙashin abin. Reinecker ya yi aikin jarida a ƙungiyar matasan Hitler, ya kuma yi wa Waffen-SS, rundunar sojan jam'iyyar Nazi, aikin ɗauko rahoton yaƙi, wannan sananne ne tun yana raye. A 2013, shekara biyar bayan mutuwar Tappert, takardu suka fito da ke nuna shi ma ya kasance sojan Waffen-SS, abin da ya ɓoye duk rayuwarsa. ZDF ta daina maimaita Derrick. Wanda ya koma ya kalli shirin da wannan sani zai ga abin da bai gani ba a da: kashi 281 na mutanen kirki a ido, masu gida mai tsabta da sirri a binne, ana zaune ana jiran ranar da za su furta. Laifin a Derrick kullum na mutum ɗaya ne, na kishi ko kwaɗayi ko rauni, ba a taɓa tambayar abin da dattawan falon nan suka yi kafin 1945 ba. Ni a nawa karatun, wannan na cikin abin da ya sa shirin ya yi wa wancan ƙarnin daɗi.

Shi ya sa kuma ya mutu tare da ƙarninsa. Marubuci ɗaya, gari ɗaya, fuska ɗaya. Da Tappert ya tsufa ya ajiye, babu abin da ya rage. Ein Fall für zwei na Frankfurt, inda Claus Theo Gärtner ya yi kashi 300 yana fitowa a matsayin mai bincike Matula daga 1981 zuwa 2013, sai da aka sake gina shi da sababbin mutane. Kommissar Rex na Biyana, mai karen nan ɗan sanda, ya yi shekara goma daga 1994, sannan Italiya ta ɗauka ta ci gaba a Rum. Tatort kuwa yana da tawaga kusan ashirin a lokaci guda, ɗaya ta tafi ba a rufe shago.

Akwai kuma abin da ya sa labarin ke zama a zuciyar Bajamushe ba tare da ya ji ana yi masa tatsuniya ba. Kisan kai a ƙasar kaɗan ne, bai cika wuce mutum 1 cikin 100,000 a shekara ba, kuma alƙaluman 'yan sanda na nuna ana gano wanda ake zargi a sama da kashi 90 cikin ɗari. Gawarwakin talabijin sun fi ƙarfin na zahiri nesa ba kusa ba, musamman in ka haɗa da jerin shirye-shiryen 'yan sanda masu suna SOKO da ZDF ta baza a garuruwa tun daga na Munik a 1978, da na tsibirai da na ƙauyukan tsaunuka, waɗanda su ne kake cin karo da su duk inda ka juya. Mutumin da ke zaune lafiya ne ke sayen tsoro na awa ɗaya da rabi, yana da yaƙinin za a mayar masa da komai wurinsa kafin ya kwanta. Inda wanda aka zalunta ke fargabar zuwa caji ofis, labarin da gwarzonsa sufeto ne sai an sha wahala kafin a yarda da shi. Ka kuma lura da bambancinsa da shirye-shiryenmu masu dogon zango na Arewa24 da YouTube. Namu labari ɗaya ne ake ja, in ka tsallake mako uku ka ɓata. Nasu kowane fim da farkonsa da ƙarshensa, kana iya barinsa shekara biyu ka dawo ba ka rasa komai ba, sai dai ka tarar gashin sufeto ya ƙara fari.

Wannan farin gashin ma wani abu ne. Miroslav Nemec da Udo Wachtveitl sun fara a Munik a 1991 suna samari, 'yan kallo suka tsufa tare da su, har suka sanar a 2024 cewa za su ajiye bayan fim na 100. Na Kolon, Ballauf da Schenk, tun 1997 suke, kuma an san su da rufe fim a rumfar mai soye-soye a bakin kogin Rhine, babbar majami'ar garin na hango su daga tsallake. Waɗanda suka fi kowa jama'a su ne na Münster tun 2002, sufeto Thiel mai keke da ƙarancin magana, da likitan binciken gawa Farfesa Boerne mai girman kai, wato Axel Prahl da Jan Josef Liefers. Nasu barkwanci ne da gawa a gefe, kuma wani fim ɗinsu na 2017 ya tara mutum sama da miliyan 14.5, a zamanin da kowa ke da waya a hannu da tashoshi ɗari. Babu wanda ke tuna wa ya yi kisan. Zuwa ake a ji yadda mutanen biyu za su caccaki juna.

In kana son ka ba shi dama ta biyu, kada ka fara da Münster, wasan kalmominsu sai wanda Jamusancinsa ya nuna. Na Biyana, Eisner da Bibi Fellner, suna cikin mafi kyau a wurina, amma lafazin Ostiriya zai wahalar da kai a farko. Na Siwizalan da Jamusancin can ake ɗaukarsu, sai an sake ɗora murya kafin a nuna a Jamus, kuma ana jin ɗinkin. Fara da Kolon ko Munik, ka kunna rubutun ƙasan allo a manhajar ARD, tunda ka riga ka biya kuɗinta. Daga nan ka nemi tsofaffin Schimanski da tashoshin jihohi ke maimaitawa cikin mako, ka kalli ɗaya na 1982 ka kalli wani na bara. Motoci da wayoyi da sigarin da ake busawa a ofis za su fara ɗaukar hankalinka, daga baya za ka fara lura da waɗanda ake zargi a kowane zamani, da waɗanda aka ba ikon yin tambaya.